Kakar Japanawa da Waƙoƙinta na Kewa

A Japan, kaka daga arewa take gangarowa. Tun cikin Satumba ganye ke fara rinewa a kan duwatsun Daisetsuzan da ke tsibirin Hokkaido, ya koma ja da ruwan ɗorawa, sannan launin ya yi ta tafiya kudu sannu a hankali, ba ya cika Kyoto sai Nuwamba ta yi nisa. Masu hasashen yanayi suna bin sawunsa a taswira, jama'a kuma su cika jiragen ƙasa don zuwa kallo. Rana tana saurin faɗuwa, gyare yana kuka da dare. A daidai wannan lokaci ne gidajen rediyo ke zaƙulo wasu waƙoƙi da suka kwana biyu, kuma kusan dukkansu na kewa ne da rabuwa.

Bahaushe zai ɗan yi mamaki, domin kakarsa ta wadata ce. Rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi, an sa ranar biki, 'yan dambe sun ɗaura zare. Su ma Japanawa a lokacin suke girbe shinkafa, suna bukukuwan godiya, sai dai mawaƙansu tun da daɗewa suka karkata wajen kaɗaicin da ke cikin lokacin. Kundin waƙoƙin fada mai suna Kokinshu, wanda aka tsara wajen shekarar 905, babi biyu ya ba kaka, alhali lokacin zafi da na sanyi ɗaya-ɗaya suka samu. Mawaƙan zamani masu jita da fiyano wannan gadon suka tarar.

Waƙar kaka da ta fi tsaya mini a rai ita ce "Cosmos", da Yamaguchi Momoe ta rera a 1977 tana da shekara 18. Sada Masashi ne ya rubuta mata, saurayi ɗan shekara 25, amma ka rantse tsohuwa ce ta zaunar da shi ta karanta masa. Sunan waƙar na wani fure ne mai siririn kara, ruwan hoda, da ke buɗewa a kaka. Labarin bai taka kara ya karya ba. Gobe za a kai yarinya gidan miji. Yau tana zaune da mahaifiyarta a baranda, rana ta ɗan yi ɗumi, uwar ta buɗe kundin hotuna tana ba ta labarin ƙuruciyarta, labari guda tana ta maimaita shi. Ta ɗan yi tari a lambu. Suna haɗa kaya ana raha, sai hawaye ya ƙwace wa uwar. Ango ma ba a kawo shi cikin zancen ba.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki daren kai amarya, ya ga uwa ta shige ɗaki ta kama ninke zannuwan da an riga an ninke, ba ya bukatar tafinta kafin waƙar nan ta kama shi. Abin lura shi ne inda marubucin ya ɗora nauyin. Ya fi dogara da abubuwan da ido ke gani da waɗanda kunne ke ji: tari guda, hoto, maimaita labari. Mai sauraro da kansa yake gano cewa uwar ta fara tsufa, kuma daga gobe gidan zai yi mata faɗi. Shekara uku bayan haka Momoe ta yi abin da ya ƙara wa waƙar daraja a wurin masoyanta. A Oktoban 1980, tana tsakiyar tashe, ta yi wasanta na ƙarshe a zauren Budokan na Tokyo, ta ajiye makirufo a kan dandamali, ta auri ɗan fim Miura Tomokazu, ba ta sake komawa waƙa ba.

Wannan dabara ko a waƙoƙin yaran Japan ana samunta. "Akatombo", wadda Miki Rofu ya rubuta a 1921, Yamada Kosaku ya sa mata sauti a 1927, a kan jan mazari take, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da ke shawagi da yamma. Babban mutum ne yake tuna ranar da ya gan shi yana goye a bayan 'yar rainonsa, wadda aka aurar tana da shekara 15, daga nan labarinta ya yanke. Miki kansa yana ƙarami mahaifiyarsa ta bar gidan ubansa. Bai ambaci wannan a waƙar ba ko sau ɗaya, amma ana jin sa a ƙarƙashi.

"Sato no Aki" ta fi ta nauyi. An fara watsa ta a rediyon NHK ranar 24 ga Disamba 1945, wata huɗu da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japanawa sama da miliyan 6, soja da farar hula, ke jiran a kwaso su daga ƙasashen waje. Wata yarinya mai suna Kawada Masako ce ta rera. Uwa da ɗanta ne zaune a gindin murhu da dare suna dafa kuri, wani ɗan itace mai ɓawo da ake samu a kaka, suna jiran uban da ke can tsibiran kudu. Ƙasa ta sha kashi, birane sun zama toka, amma waƙar a bakin tukunya ta tsaya.

Ba duka ne suka iya wannan kamun kai ba. "Koibito yo" ta Itsuwa Mayumi, ta 1980, ta yi kasuwa ƙwarai, muryar kuma ba ta da makusa, sai dai ni kam goge da fiyanon sun yi mini yawa. Kamar miyar da aka cika wa daddawa, ƙamshi ya danne ɗanɗano. Na fi son "Aki no Kehai" ta ƙungiyar Off Course, ta 1977, inda saurayi ke zaune da budurwarsa a wani lambu da ke kallon tashar jiragen ruwa ta Yokohama, yana ji a ransa son ya fara sanyi, ya rasa ta inda zai fara. Waƙar rabuwa ce daga bakin mai laifi, abin da mawaƙa ba su cika yarda su yi ba.

A namu ɓangaren kuwa, saurari waƙoƙin soyayyarmu na Hausa na situdiyo guda goma a jere, ka gaya mini a wane wata aka yi soyayyar. Zuciya tana nan, hawaye yana nan, alkawari da rantsuwa ba a magana, amma babu damina, babu hunturu, babu ko inuwar darbejiya. Alhali kayan aikin zube suke a ƙofar gida. Da an gama sussuka an ɗaure buhuna, samari ke ɗaukar jaka su tafi cin rani, Legas ko Fatakwal ko Abuja. Gona ta koma kara, hazo ya rufe gari, amaryar da aka kawo bayan girbi ta wayi gari da surukarta su biyu. Ga ƙamshin sabon gero, ga leɓe na fashewa, ga tsofaffi suna jin ɗumi da asuba. Makaɗan noma da na dambe irin su Ɗan Anace sun san wane lokaci suke waƙa a cikinsa. 'Yan baya ne suka ɗauke soyayya daga ƙasa suka rataye ta a iska, shi ya sa waƙa ke tashe wata uku ta ɓace, don babu lokacin shekara da zai zagayo ya tuna wa mutane da ita.

Matasan Japan ba su yar da abin ba. Ƙungiyar Fujifabric ta fitar da waƙa ɗaya-ɗaya ga lokutan shekara huɗu, ta kaka kuwa, ta 2004, a kan ƙamshin kinmokusei ce, wani ƙanƙanin fure ruwan lemo da ke cika unguwa da ƙamshi na 'yan kwanaki ya kakkaɓe. Kiɗan da sauri yake tafiya, amma labarin na mai komawa gida ne da ƙamshin ya tayar masa da hankali ba gaira ba dalili. Mawallafinta, Shimura Masahiko, ya rasu a Disamban 2009 yana da shekara 29. Garinsu, Fujiyoshida, a gindin dutsen Fuji yake, kuma irin yawancin garuruwan Japan yana da lasifikokin gargaɗin bala'i da ake gwadawa kowace yamma da ɗan sauti, yara su san lokacin komawa gida ya yi. A kwanakin da ke kusa da ranar haihuwarsa da ta rasuwarsa, hukumar garin takan sauya sautin da waƙarsa.

Ita kanta kakar ce yanzu ke musu gardama. Zafi yana jan ƙafa har cikin Oktoba, ganye yana makara wajen rinewa. A 2024 ba a sanar da saukar dusar ƙanƙara ta farko a kan Fuji ba sai 7 ga Nuwamba, jinkirin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafin a 1894.