Ado Bayero Mall bayan tafiyar Shoprite

Da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014, Kanawa suka yi ta tururuwa, amma da yawansu ba sayayya ce ta kai su ba. A sha sanyin na'ura, yara su tura keken kaya, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, a sayi burodi ɗaya a riƙo leda a fito. Ranar sallah kuwa ba masaka tsinke. To, kantin da ke biyan haya da kuɗin dizal ba 'yan kallo ne za su riƙe shi ba. Uwargida mai ciyar da mutum goma har gobe kasuwar Singa take aikawa a sayo mata shinkafa da taliya, domin can ana ciniki, ana ragi, mai shago ma ya san maigidanta, yakan ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Shi ya sa da kantin Shoprite ya rufe reshensa na Kano da ke cikin Ado Bayero Mall a Janairun 2024 ban yi mamaki ba. A ganina, tunda kallo ne ya fi kai mutane wurin, ya kamata masu ginin su sassauta haya ga masu abinci, teloli da 'yan gyaran waya, su ƙara wuraren zama, su faɗaɗa wajen wasan yara.