Allurar Birus Ta Ciwon Daji Ba Hajar Tebur Ba Ce

Jama'a, maganar da ake ji cewa likitoci na sa ƙwayar cuta ta birus ta kashe ciwon daji gaskiya ce, amma tana da saura. Tun a 1971 likitoci a Uganda suka ba da labarin wani yaro da kumburin dajinsa ya sace bayan ya yi baƙon dauro. (Kada wani ya ji haka ya hana ɗansa riga-kafi, baƙon dauro kisa yake yi.) Dabarar yau ita ce a gyara birus ɗin yadda zai shiga cikin ƙwayoyin daji, ya hayayyafa, ya fasa su, ya kuma farkar da garkuwar jiki.

China ta amince da irin wannan magani a 2005. Amurka ta amince da Imlygic a 2015 don dajin fata, an yi shi ne da birus ɗin nan mai kawo ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi. Japan ta biyo baya a 2021 da na dajin ƙwaƙwalwa.

To amma ina gizo ke saƙar? Ciwon yana turjewa. A babban gwajin Imlygic da aka yi da mutum 436, kimanin 16 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar ne suka samu sauƙin da ya kai wata shida. Jiki bai san wannan birus baƙon alheri ba ne, sai ya tare shi a hanya kamar yadda duwan ke tare kaya kafin su shiga kasuwa. Shi ya sa ake tsira allurar cikin kumburin kai tsaye, dajin da ya ɓuya a hanta ko huhu kuwa da wuya a cim masa. Sannan ƙwayoyin kumburi ɗaya ba halinsu ɗaya ba: waɗanda birus ya kasa shiga su ne ke saura, su sake yaɗuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne mun san halin 'yan cuwa-cuwar magani. Da zarar suna ya fito a rediyo, gobe sai ka gan shi a kwali tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela. Ko a Turai an ga haka: a 2019 hukumomin Latbiya suka dakatar da sayar da Rigvir, wanda marasa lafiya ke zuwa saye daga ƙasashe, bayan awo ya nuna birus ɗin da ke ciki bai kai yawan da aka rubuta ba.

Imlygic sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri ake adana shi. Wace rumfa ce ke da wannan firji? Duk wanda ya kawo muku kwalba ya ce ita ce, kada ku saya, kada ku yi masa dako.

Wanda ya ji ƙullutu a nono ko wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya nufi asibiti tun jarinsa bai ƙare wajen masu kwali ba. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ke da na'urar ƙona shi.