Rumbu Ɗaya, Masu Ɗiba Biyu

A ce wani ƙaramin asibiti a Nasarawo, cikin garin Gombe, ya sayi babbar kwamfuta ta biyu, irin wadda ake kira saba, domin kada aiki ya tsaya in ta farkon ta mutu. Mai gyara ya ja waya daga kowacce zuwa faifai ɗaya mai riƙe da bayanan majiyyata. Makon farko lafiya lau. To, nan fa haɗarin yake.

Dalili kuwa, hanyar nan ta iSCSI, wadda aka tsayar da ƙa'idarta cikin 1984 da shekara ashirin, watau 2004, miƙa faifai kaɗai ta sani, ba ta raba gardama. Kowace kwamfuta tana zaton rumbun nata ne ita ɗaya. Wannan ta ajiye sakamakon gwajin jini a wani gurbi, waccan ta ga kamar ba kome a ciki, ta ɗora lissafin kuɗi bisansa. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ran da likita ya nemi fayil ya tarar da shirme.

Magani iri biyu ne. Ko a ba ɗaya mabuɗi, ɗayar ta riƙa karɓa ta hannunta, yadda NFS na kamfanin Sun Microsystems ke yi tun 1984, ko kuwa a sa tsari irin GFS2, inda kowacce ke neman izini kafin ta rubuta. Na farko ya fi sauƙi, amma in mai mabuɗin ta faɗi, aiki ya tsaya ke nan, abin da aka sayi ta biyun don gudunsa.