Hannun Uwa Ba Ya Riƙe Yaro Ran Hatsari

Kun kawo yaranku rigakafin ƙyanda da na shan inna. Kun rataya gidan sauro. Kun koyi haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro ya kama zawo. Duk wannan ƙoƙari ne mai kyau. Amma akwai wani abu mai kashe yara wanda allura ba ta tare shi, shi ne hatsarin hanya. Magana ɗaya nake so ku riƙe daga wannan ɗan littafi: a cikin mota mai gudu, cinya da goyo ba su tsare yaro. Abin da ke tsare shi kujera ce da aka yi dominsa, aka ɗaure ta daidai.

Hanyar da ta ratsa garinmu

Figil tana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta fito daga Garwa ta nufi Marwa har Kusiri. Daga nan zuwa Garwa kilomita 90 ne da 'yan kai. Manyan motoci masu ɗaukar siminti daga masana'antar Cimencam suna bin ta dare da rana. Lokacin kaka motocin auduga su ƙaru, ga masu zuwa Lere ta ƙasar Cadi, ga motocin haya, ga babura, ga shanu masu tsallakawa. A kan wannan kwalta muke kai jarirai asibiti, muke zuwa biki da gaisuwar mutuwa, muke zuwa cin kasuwar Pitowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara. Ta ce babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka, ko da yake motocinmu ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba.

Me ya sa hannu ba ya isa?

Uwa takan ce, "Ai na rungume shi sosai." Gaskiya ne, ta rungume shi. Amma ku duba abin da ke faruwa. In mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki wani abu, motar takan tsaya nan take, amma duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba yakan ci gaba da tafiya da wannan gudun. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga kan dogon giginya. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 yana fizgewa da ƙarfin da kan kai kilo 300. Mu mutanen Figil mun san buhun siminti, kilo 50 ne. To, buhu 6 ke nan a lokaci ɗaya. Wace mace ce, ko wane ƙato ne, zai riƙe buhun siminti 6 da hannu biyu?

Yaron yakan fita daga hannu ya bugi gilashin gaba, ko ya faɗa waje ta taga. In kuma babban bai ɗaura bel ba, jikinsa ne zai danne yaron a jikin kujerar gaba. Haka yake ga mai goyo: in an daki motar daga baya ko ta kife, nauyin uwa gaba ɗaya yana kan jaririn da ke bayanta. Ɗaura bel ɗaya a kan uwa da ɗa shi ma mugun abu ne, domin yaron yana tsakanin bel da jikin uwarsa, su matse shi.

Jikin jariri kuma ba irin namu ba ne. Kansa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba, ƙasusuwan suna da taushi. Shi ya sa kuke tallafe kan sabon haihuwa in za ku ɗaga shi. In yana fuskantar gaba aka yi karo, wannan kai mai nauyi yakan fizgi wuya, lakar da ke cikin ƙashin baya ta iya tsinkewa. Wannan rauni ba mu da maganinsa a asibiti.

Kujera mai fuska biyu

A shekarun 1960 wani likita a ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya lokacin da kumbo zai tashi, don ƙarfin ya bazu a duk faɗin bayansu. Sai ya yi wa yara kujerar da ke ba gaban mota baya. In aka yi karo, kujerar takan karɓi kai da wuya da baya tare, kamar yadda tafin hannu ke karɓar ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerun yara suna iya rage mutuwar jarirai a mota da kashi 71 cikin 100.

Kujerun iri-iri ne, amma ga mai ƙaramin ƙarfi ina ba da shawarar mai fuska biyu. Ita ce wadda ake kafawa tana kallon baya tun yaro yana jariri, in ya girma a juya ta ta kalli gaba. Yawancinsu suna ɗaukar yaro daga haihuwa har ya kai kilo 18, wajen shekara 4 ke nan. Saye ɗaya, amfanin shekaru, ƙane ma ya gada.

Kada ku yi garajen juya ta. Sabuwar ƙa'idar Turai ta hana yaro fuskantar gaba kafin wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2018 a bar shi yana kallon baya har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da aka rubuta a jikin kujerar. In ƙafafunsa sun taɓa jinginar mota, ba laifi, yara sun saba zaman harɗe. Ƙafa in ta karye muna ɗora ta. Wuya fa?

Kafin ku biya kuɗi

Yawancin kujerun da ake samu a Garwa da Marwa na gwanjo ne. Ba duka ne marasa kyau ba, amma araha ba ta ado. Ku duba waɗannan:

1. Ku juya kujerar ku nemi wata 'yar takarda mai ruwan lemo da aka manna, mai harafin E cikin da'ira. Za ku ga an rubuta R44/04 ko R129. Wannan ce shaidar an gwada ta. R129 ita ce sabuwa, an fara aiki da ita a 2013. In babu takardar, ku bar ta.

2. Ku nemi shekarar da aka ƙera ta, akan buga ta a jikin robar. Masu ƙerawa sukan ba kujera shekara 6 zuwa 10. Roba tana tsufa, zafin ranarmu kuma yana sa ta gautsi.

3. Ku ɗaga yadin ku duba ko akwai tsagewa ko fari-farin lanƙwasa. Kujerar da ta taɓa shiga mummunan hatsari ta gama aikinta, ko da ido bai ga kome ba. Saye daga hannun wanda kuka sani ya fi.

4. Igiyoyin su zama cikakku: biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Kada su kasance sun zare ko an ɗinke su. Makullin ya yi ƙara in ya shiga, kada ya buɗe sai an danna.

5. Ku je da motar ku gwada. Wasu kujerun sai da ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX, waɗanda tsofaffin motoci ba su da su. Wasu kuma da bel ɗin mota ake ɗaure su. In bel ɗin baya ya tsinke ko ya maƙale a ƙarƙashin kujera, ku fara gyara shi.

Yadda ake ɗaurawa

Kujera mai tsada da aka ɗaura ba daidai ba, ba ta fi babu da yawa ba. Wurinta kujerar baya. Ko kusa kada a kafa mai kallon baya a gaba inda akwai jakar iskar nan mai fashewa lokacin karo, domin ƙarfinta kaɗai ya isa ya kashe jariri.

Ku bi zanen da ke gefen kujerar. A masu lambar R44, shuɗin alama yana nuna inda bel zai bi in tana kallon baya, ja kuma in tana kallon gaba. Ku danna ta da nauyinku, ku ja bel ya ɗame. Sa'an nan ku girgiza ta daga gindi: kada ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu. Ga sabon haihuwa a kishingiɗar da ita sosai, don kada haɓarsa ta faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi.

Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan in yana kallon baya, daidai kafaɗa ko sama kaɗan in yana kallon gaba. Ku ja su har ya zama ba ku iya tsunkule igiyar da yatsu. Lokacin hunturu ku cire rigar sanyi mai kauri, ku ɗaure shi, sa'an nan ku lulluɓa masa zane a sama. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ku taɓa makullin da hannunku tukuna, don ƙarfen yana ƙuna. Kada ku bar yaro cikin mota a rufe ko na minti kaɗan. In tafiya ta yi nisa, ku tsaya duk bayan awa biyu ku fito da jariri ya sha nono. Ba a shayarwa mota tana tafiya.

In ya wuce wannan kujera, akwai wadda ke ɗaga shi don bel ɗin manya ya bi ta kafaɗa da ƙugu, kada ya bi ta wuya da ciki. Yana bukatarta har tsawonsa ya kai santimita 135 ko fiye.

Abin da mutane ke cewa

"Abin da Allah ya rubuta ba makawa." Kirista da Musulmi duk mun yarda rai a hannun Allah yake. Amma da wannan bangaskiya muke rufe bakin rijiya, muke janye yaro daga murhu. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

"Yaron zai yi ta kuka." Zai yi, kwana biyu ko uku. Yana kuka ran allura ma, ba ku fasa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka fito da shi daga ɗakin haihuwa a cikin kujera bai san wata hanyar shiga mota ba.

"Tafiyar ba nisa." Tirela ba ta tambayar inda za ku.

"Da tsada." Haka ne. Amma mai mota yana sayen taya da batir da mai. Ku lissafa kuɗin ɗaukar hoton kai, da jinyar makonni a Garwa, da noman da za a bari. Akwai kuma asarar da ba a lissafa ta da kuɗi.

In ba ku da mota

Na san yawancin masu karanta wannan, motar haya da babur suke hawa. Ba zan ce muku akwai dabarar da ta kai kujera ba. Amma ana iya rage hatsarin.

A motar haya ku zauna baya, ku ƙi wurin nan na kusa da direba ko da an yi muku ragi. Ku kwance goyo kafin ku shiga. In da bel, ki ɗaura wa kanki ke kaɗai, yaron yana waje da shi. Yaron da ya wuce shekara 3, ku biya masa wurin zamansa a ɗaura masa nasa bel. Kada a ɗora yara a bayan a-kori-kura ko kan lodi. Ku guji tafiyar dare. In direba yana gudun wuce hankali, ku yi magana, ku haɗa baki da sauran fasinja. Sauri ya haifi nawa.

Babur kuwa ba abin hawan jarirai ba ne. In dole ta sa, to babba ɗaya, yaro ɗaya, a tafi sannu. Kada a zaunar da yaro kan tanki, shi ne na farko da zai tashi sama in an taka birki. Ki tattare bakin zane da gyale kada taya ta ja su. Ki lura da ƙafarsa, domin ƙunar salansa da shigar diddige cikin wayoyin taya suna cikin raunukan da muke yawan wankewa. Manya su sa hular kwano. Ba a sa wa jariri, wuyansa ba zai ɗauka ba.

In hatsari ya faru, ku kawo yaro asibiti ko da ba jini. Kada ku jijjiga shi, ku riƙe kai da wuya a miƙe. Amai, yawan barci, jijjiga, ciwon ciki, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, duk alamu ne na gaggawa.

Abin da za mu iya yi tare

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin jama'a ba. Zumuntar mata, ko 'yan adashi, ko ƙungiyar unguwa, za su iya sayen kujera ɗaya ko biyu a riƙa ara wa mai jego ranar komawa gida da ranar zuwa awo. Kowace motar ikilisiya da ta makaranta mai ɗaukar yara ta gyara bel ɗinta. 'Yan'uwa masu kawo atamfa da sabulu ran suna, in mahaifin yana da mota, ku haɗa kuɗi ku kawo kujera. Direbobin haya, wanda ya fara ajiye kujerar yara a but ɗinsa, iyaye mata za su san lambarsa.

Wanda ya sami kujera bai gane ɗaurinta ba, ya zo da ita da motar ranar awon yara, mu duba tare. Ku karanta wa maƙwabtan da ba su iya karatu ba. Allah ya tsare mana yaranmu, ya kai kowa gida lafiya.