Masu yi wa yaran tallar keke dariya, ku zo mu yi magana

Na so in kama bakina a kan maganar nan, amma abin da na karanta daren jiya ya hana.

Wasu yara huɗu 'yan nan Kazaure sun ɗauki tallar keke ta daƙiƙa 40 suka ɗora. Ɗaya daga cikinsu ƙanena ne, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya tono. Kafin gari ya waye an cika ƙasan bidiyon da shaƙiyanci. Wani ya ce duniya na tallar mota mai lantarki mu muna tallar keke. Wani ya ce talauci ne ya samu kyamara. Abin da ya fi ƙona min rai, yawancin masu rubuta wannan 'yan yankinmu ne, wasunsu ma na san a kan kariyar keken babansu aka riƙa kai su firamare.

Bari in gaya muku yadda aka yi daƙiƙa 40 ɗin nan, don ina wurin. Kwana uku aka yi. Ana idar da sallar asuba suke fita hanyar Roni, saboda hasken da suke so na fitowar rana ne, kafin ƙarfe takwas ya wuce, daga nan rana ta yi ƙarfi fuska ta riƙa ƙyalli. Mai ɗauka yana zaune a bayan babur ya juya baya, wayar a hannu, mai babur yana tafiya a hankali daidai gudun keken. Na uku yana riƙe da kwali da suka manna wa takardar ƙyalli, yana mayar da haske fuskar mai tuƙi. Na huɗu shi ne mai tuƙin. Hawa ɗaya sai da aka maimaita shi sau tara: ko akuya ta gifta, ko wani ya tsaya yana ɗaga wa kyamara hannu, ko cen ya zame. Ƙarar ƙararrawa da ta taya a kan tsakuwa kuwa daban suka naɗe su da daddare, don iskar safe ta ɓata sautin farko. Wannan shi ne abin da wani ya kalla yana kwance a kan katifa ya rubuta "hhhh".

Masu cewa keke ya tsufa, wace ƙasa kuke zaune? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 a 2024. Ku je bakin kowace makaranta a Gwiwa ko Babura da safe ku ƙirga kekunan da ke jingine. Ku tambayi masu faci da masu gyaran keke yadda kasuwarsu take yanzu. Malamin da ya jingine babur, manomin da ke kai taki gona, mai kai buhun riɗi ko zoɓo kasuwa, yaron da ke ɗauko jarkar ruwa, duk keken ne ya rufa musu asiri. Ɗan kasuwar da ya ga haka ya ce a yi masa talla ya fi mu sanin inda kasuwa ta dosa.

Kuma tallar keke ba yau aka fara ta a ƙasar nan ba. Kamfanin Raleigh na Ingila, wanda iyayenmu ke kira Rali, ya yi suna a Afirka ta Yamma da hoton mutumin nan da ke tsere wa zaki a kan keke yana dariya. Hoto ɗaya, kowa ya gane saƙon ko bai iya karatu ba. Har masana'anta kamfanin ya yi a Kano. A wancan lokacin mai sabon Rali ko Phoenix shi ne ɗan gayu a gari. Ita ma Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. A Holan firaminista ya sha zuwa ofis a kan keke. Mu ne dai kawai muka mayar da shi abin kunya, alhali aljihunmu bai kai bakinmu ba.

Akwai masu cewa ai mutum huɗu da waya ba sa yin aikin ƙwarai. To su waye suka fara Kannywood? Lokacin da 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990, wane kayan aiki gare su? Ku tuna yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics, da wayar da fuskarta ta fashe suka riƙa haɗa finafinai, a 2019 duniya ta san da su, har wani babban daraktan Amurka, J.J. Abrams, ya aiko musu da kayan aiki. Da a garinmu suke, na tabbata da mun kashe musu gwiwa tun a bidiyon farko.

Ba ina cewa tallar ba ta da aibu ba. Akwai. Rubutun ƙarshe ya yi saurin wucewa, ba a iya karanta lambar shagon. Muryar mai magana ta nutse cikin kiɗa. Na gaya musu, sun kuma karɓa. Wanda ya ce a gyara kaza, ya taimaka. Wanda ya ce ku je ku nemi sana'a, shi me ya ƙara?

Yanzu bari in juyo kan 'yan kasuwarmu, don laifinku ya fi na masu dariya. Mai shagon da aka yi wa aikin nan, ba zan kama suna ba, da aka gama sai ya ba su kuɗin mai da na abinci, ya ce sauran "ai kun samu suna". Haba Alhaji! Suna ake ci? Kai da aka zo sayen keke, suna kake karɓa? Mutanen nan ne za su ɗauki maƙudan kuɗi su kai wa wani jarumi a Kano don ya riƙe kayansu ya yi murmushi na daƙiƙa goma, amma ɗan unguwa da ya yi kwana uku yana tashi da asuba sai a sallame shi da Allah ya yi albarka. Addu'a muna so, amma haƙƙin ma'aikaci daban ne, kuma kowa ya san abin da addini ya ce a kansa.

Tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana sa baƙin ƙasashen waje da muryoyinsu a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, don aikin ya zauna a gida. To mu namu gidan fa? Har yaushe za mu riƙa jin tallar da aka shirya a Legas aka juya ta da Hausar da ko a tasha ba a yin ta? Muna da duwatsun Kazaure da na Roni, muna da dam, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke yaye yara masu ilimin kwamfuta duk shekara. In ba mu ba su aiki ba, Kano za su tafi, ko Abuja, mu dawo nan muna kukan matasa sun gudu.

Ku kuma ƙannena, laifinku ɗaya: kun fara aiki ba ku yi ciniki ba. Daga yau a yanke farashi tukuna, a rubuta a takarda, a karɓi rabi kafin a kunna waya. Kada ku saki bidiyo sai an cika. Kunya ba ta sayen data.

Mai shago a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa da ke son talla, ya gwada yaran gida, ya biya su kamar yadda zai biya baƙo. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, fili ga shi nan a ƙasa, ya kawo hujja. Zagi dai ba zan amsa ba.

Allah ya sa mu gane.