Kara Ba Ta Kai Ran Yaro Ba



Yau ina so mu duba maganar yaran da jikinsu ba ya karɓar wani abinci. Za ka ga yaro ya sha kunun gyaɗa, kafin a jima leɓe ya kumbura, borin jini ya feso masa, wani har da amai da sarƙewar numfashi. Likitoci sun ce garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar abincin tamkar abokin gaba. Abincin da suka fi jawo haka su ne gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, alkama da waken suya.

To, a babban gida inda ake zaune da kaka da gwaggo da baffa, abin yakan zama rigima. Uwa ta ce kada a ba shi, kaka ta ce, "Kai, sanabe! Da ƙuliƙuli muka yaye ubansa. A ba shi ya saba." Ita kuwa uwa, balle in ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta musa wa surukarta ba. Sai ta yi gum, ran yaro yana cikin haɗari.

Kaka tana da ɗan gaskiyarta. Wani bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai abincin gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da wannan ciwo da wajen kashi 80 cikin 100. Amma fa wannan rigakafi ne ga wanda ciwon bai kama ba. Wanda ya riga ya kamu, ɗan yajin tsire mai ƙuli ko cokalin miyar taushe ya isa ya kwantar da shi, kuma dahuwa ba ta kawar da illar gyaɗa. Yara da yawa sukan rabu da na madara da ƙwai in sun girma, na gyaɗa kuwa yakan daɗe. Likita ne zai gwada, ba a gwaji a tsakar gida.

A ganina wannan aikin uba ne. Kai maigida, kai za ka zauna da Hajiya cikin ladabi ka yi mata bayani, in da hali ka tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta. Kada ka bar matarka ta zama mai baƙin jini a dangi.

Ku kuma ɗalibai, in an ce ƙaninku ba ya cin abu, kada ku gutsura masa a ɓoye, ko a makaranta ko wajen yawon Sallah. In kun ga fuska ta kumbura ko numfashi ya sarƙe, ku kira babba nan take. Kada a tsaya ɗura masa manja, a garzaya asibiti, domin allurar adiranalin ce maganin gaggawa.

Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, amin. Wassalam.