Yaushe Yaranmu Za Su Huta?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Jamestown ran Talata ya ga jiragen masunta a jere. Mutanen Ga ba sa shiga ruwa ranar, sai gyaran koma. Manomin Asante mai riƙon al'ada ba ya saran ƙasa ran Alhamis. Yahudawa masu kiyaye Asabar kuwa, daga faɗuwar rana ran Juma'a har taurarin Asabar su fito, ko wuta ba sa hurawa.

Mu addininmu bai ɗora mana hutun yini ba. Ciniki aka ce a bari in an kira sallar Juma'a. Amma magabata sun san jiki da jini, shi ya sa makarantar allo ke hutawa Alhamis da Juma'a.

To, mu a Zango fa? Litinin zuwa Juma'a yaro yana boko. Asabar da Lahadi yana gaban malam. La'asar na yi, a aza wa yarinya faranti, sai talla har dare. Ran Litinin mu malamai ke ganin sakamakon: kafin ƙarfe 10 kawuna sun kwanta bisa tebur. Sai mu yi ta faɗa (a nan mu ma da laifinmu), alhali gajiya ce, ba rashin ji ba.

Ba mu ce a rage karatun Alƙur'ani ba, Allah ya kiyaye. Roƙonmu ga limamai da sarakunan Zango shi ne su zauna da malamai da iyaye mata: ran Lahadi a tashi yara da azahar, kuma ban da talla sai washegari.